Darasi na Bakwai: Sassaƙa Bakan Farko

Manufofin darasi

Idan ka kammala wannan darasi, ana sa ran za ka iya:

1. faɗin sassan baka da aikin kowanne;
2. zaɓen itacen da ya dace, ka busar da shi bai tsage ba;
3. bayyana dalilin da ya sa ake kankare cikin baka, ba a taɓa bayansa;
4. gwada lanƙwasar baka da ƙarfinsa da kayan da ke cikin gida;
5. kiyaye kanka da jama'a, da bin dokar daji.

1. Baka a wannan yanki namu

Daga Yako da Kiru zuwa Bebeji, har can Tudun Wada da Doguwa, baka ba baƙon abu ba ne. Maharba na nan, kuma har gobe ana kiran shugabansu Sarkin Baka, ko da yawancin mutanensa bindigar toka suke saɓawa yanzu.

A da, baka makamin talaka ne. Doki da sulke sai mai hali, amma itacen baka yana daji, kowa na iya sarowa. A yaƙin Tabkin Kwatto na 1804, jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ba su da dawaki da yawa, 'yan baka ne ƙarfinsu, kuma suka rinjayi mahayan Gobir. A ƙarni na 19 kudancin Kano bakin iyaka ne, mayaƙan Ningi suna yawan kawo hari, saboda haka garuruwa suka dogara da ganuwa da masu harbi. A farkon watan Fabrairu na 1903 rundunar Turawa da ta taso daga Zariya ta fasa ƙofar Bebeji da igwa, ta wuce ta ci Kano ranar 3 ga wata. Daga nan zamanin baka a fagen fama ya kama hanyar ƙarewa.

To, me ya sa za mu koye shi yau? Na ɗaya, sana'ar hannu ce da masu ita suke ƙarewa. Na biyu, wanda ya iya sassaƙa baka ya san itace ciki da waje, kuma wannan sanin zai yi masa rana wurin yin ƙotar fartanya ko ta gatari. Na uku, harbin kibiya wasa ne da ake gasarsa a duniya. Tun 1972 ba a yi gasar Olamfik babu shi ba, kuma daga nisan mita 70 suke harbi.

> AKWATIN KALMOMI (1)
> Baka: itace mai lanƙwasuwa da aka ɗaure wa igiya baki da baki don harba kibiya.
> Tsarkiya: igiyar baka.
> Mariƙi: tsakiyar baka, inda hannu yake kamawa. Ba a so ya lanƙwasu sosai.
> Hannun baka: daga mariƙi zuwa baki. Kowane baka hannu biyu gare shi, na sama da na ƙasa.
> Bayan baka: gefen da yake kallon abin da za a harba.
> Cikin baka: gefen da yake kallon maharbi, wato ɓangaren tsarkiya.
> Kwari: abin zuba kibau.

2. Abin da ke faruwa idan aka ja baka

Ɗauki ɗanyen karan dawa ka lanƙwasa shi a hankali, ka zuba ido. Za ka ga gefen waje yana miƙewa har ɓawonsa ya tsage, gefen ciki kuwa yana tattarewa yana yamutsewa. Haka abin yake ga baka. Duk lokacin da aka ja tsarkiya, jijiyoyin itacen da ke baya suna miƙewa, na ciki suna matsewa. Da an saki, kowa ya koma mazauninsa da sauri, wannan komawar ce take tura kibiya.

Daga nan muka samo babbar ƙa'idar aikin. Jijiyoyin baya dole su tafi daga wannan baki zuwa wancan ba tare da an datse ko ɗaya ba. In wuƙa ta ɗan yanki baya, ko da kamar farce ne, nan tsagewa za ta fara ran da aka ja baka da ƙarfi. Ciki kuwa matsewa kawai yake yi, don haka can ne ake rage itace. Ka riƙe wannan: bayan baka ɓawo kaɗai ake cire masa, sauran aiki duk a ciki yake.

3. Zaɓen itace

Ba kowane itace mai tauri ne yake yin baka ba. Ƙirya tana da tauri, shi ya sa ake turmi da ita, amma ta cika nauyi. Abin da ake nema itace ne mai lanƙwasuwa ya dawo. A ƙasar Hausa an san dargaza da wannan hali, haka ma ɗunɗu. Gora ma ana yin baka da ita, in ta ƙosa. Ga mai koyo na fi son dargaza, domin tana jure kuskure, kuma ba ta wahalar da wuƙa kamar ɗunɗu. Rassan darbejiyar ƙofar gida da yara suke lanƙwasawa suna wasa, a bar musu abinsu.

Ga abin da za ka duba tun itacen yana tsaye. Ya kasance miƙaƙƙe, kaurinsa kamar santimita 4, wato kusan ƙotar fartanya. Gefe ɗaya aƙalla ya zama sumul, babu reshe, babu kumburi, babu ramin ƙwaro, domin wannan gefen ne zai zama baya. Sannan ka bi zanen ɓawon da ido daga ƙasa zuwa sama. In ka ga zanen yana zagaya itacen, to jijiyoyin ciki ma a murɗe suke, kuma baka zai murɗe in an ja shi. Wuce shi, komai kyansa.

Lokacin sara shi ne bayan kaka, sa'ad da ruwan jikin itatuwa ya ragu. Ka saro biyu ko uku, kada ka tsaya ga ɗaya. Bakan farko yakan karye, wannan ba abin kunya ba ne, kuma wanda ya ajiye na biyu ba zai jira wata shekara ba.

A ina za ka sara? A gonarka, ko a gonar wani da izininsa. Dajin Falgore, wanda hanyar Kano zuwa Jos ta ratsa ta Tudun Wada da Doguwa, gandun daji ne na gwamnati. Sare itace da farauta a cikinsa ba tare da izini ba laifi ne, kuma ma'aikatan gandun daji suna da ikon kama mai yi.

*Misali na 1: lissafin tsawo.* Miƙa hannun hagu gaba ka dunƙule shi, wani ya auna maka daga dunƙulen zuwa gefen bakinka da tef ɗin tela. Wannan shi ne tsawon janka. A ce ya kama santimita 65. Ninka shi biyu: 65 × 2 = 130. Ƙara 12 na mariƙi: 142. Ƙara 18 na rara, don kada itacen ya takura: 160. Ke nan bakanka zai zama santimita 160. Amma wurin sara ka yanko 175, saboda bakunan sukan ɗan tsage wurin bushewa, sai an datse su. Mai koyo gara bakansa ya yi tsawo da ya yi gajarta, domin gajere ya fi saurin karyewa.

4. Busarwa

Ɗanyen itace in an lanƙwasa shi ba ya dawowa, sai ya zauna a tanƙware, ƙarfinsa ya mutu. Dole ya bushe. Matsalarmu a nan ita ce iskar hunturu tana busar da waje tun ciki bai shirya ba, sai itacen ya dare. Maganin abin shi ne a rage wa bushewar sauri. Ranar da ka sara, ka toshe bakunan biyu da kakin zuma, ko narkakken kyandir, ko ragowar fenti. Ka bar ɓawon a jiki na makonni biyu zuwa uku. Ka kwantar da itacen a inuwa inda iska take ratsawa, kamar saman rumfa ko ƙarƙashin rufin zaure, nesa da ƙasa saboda gara. Kada ka jingina shi da bango, zai karkace. Bayan nan ka ɓare ɓawon a hankali da bayan wuƙa, ba da kaifin ba, ka mayar da shi ya ci gaba da bushewa.

*Misali na 2: ta yaya za a san ya bushe?* Wani ɗalibi ya riƙa kai itacensa wurin mai shago ana ɗora masa a sikeli duk bayan mako biyu. Ga abin da ya rubuta:

Ranar sara: giram 2,100
Mako na 2: giram 1,800
Mako na 4: giram 1,620
Mako na 6: giram 1,540
Mako na 8: giram 1,520
Mako na 10: giram 1,520

Nauyin da ya tafi ruwa ne: 2,100 − 1,520 = 580. Da awo biyu a jere suka zo daidai, ya san ruwan ya gama fita. Naka zai iya fin haka daɗewa ko ya yi ƙasa da haka, ya danganta da irin itacen da yanayin iska.

5. Sassaƙa

Kayan aiki ba su da yawa: gizago ko adda mai kaifi, wuƙa, magagari, gawayi ko alli, tef, da igiya mai ƙwari. Fasasshiyar kwalba tana kankara da kyau ƙwarai, amma a naɗe gefen riƙonta da tsumma.

Datse itacen ya koma 160. Sa alama a tsakiya, wato 80. Auna 6 sama, 6 ƙasa, ka zagaye da gawayi: mariƙi ke nan. Kowane hannu ya tashi 74. Dafa itacen a ƙasa ka juya shi har ka tabbatar da gefen da zai zama baya, ka rubuta masa alama don kada ka rikice.

Yanzu da gizago ka soma rage ciki, daga mariƙi kana gangarawa baki, sara ƙanana. Kusa da mariƙi ka bar kauri kamar santimita 2 da rabi, ya riƙa raguwa sannu a hankali har ya kai kusan 1 da rabi a baki. Kada a sami tudu da kwari a hanya. Gefe da gefe ma ka ɗan feƙe kashi ɗaya cikin uku na ƙarshen kowane hannu, domin baki mai nauyi yana rage wa kibiya gudu. Da zarar ka dafa baki ɗaya a ƙasa ka danna mariƙi ka ji hannun ya fara motsi, ajiye gizago. Aikinsa ya ƙare. Daga nan sai kankara.

A kowane baki, kamar faɗin yatsa biyu daga ƙarshe, ka yi tsaga a gefen dama da na hagu da magagari, inda tsarkiya za ta zauna. Tsagar kada ta ratsa baya.

> AKWATIN KALMOMI (2)
> Kankara: rage itace kaɗan-kaɗan da wuƙa a tsaye, abin da ke fita ya zama siriri kamar ɓawon albasa.
> Daidaita lanƙwasa: kankarar cikin baka har ko'ina ya lanƙwasu tare, hannu biyu su yi daidai.
> Wuri mai tauri: inda ya ƙi lanƙwasuwa. Nan ake kankara.
> Wuri mai rauni: inda ya fi ko'ina tanƙwarewa. Nan ba a taɓawa.
> Ƙarfin baka: nauyin da ake bukata kafin a ja tsarkiya zuwa tsawon jan mai shi.

6. Daidaita lanƙwasa

Wannan shi ne zuciyar darasin, kuma a nan yawancin masu koyo suke ɓata aikinsu. Dalili kuwa kauri yana da tasirin da ido ba ya zato. In ka ninka faɗin itace biyu, ƙarfinsa ya ninku biyu. Amma in kaurinsa ka ninka biyu, ƙarfinsa sau takwas zai ninku, wato 2 × 2 × 2. Haka ma wajen ragewa.

*Misali na 3.* Hannun wani baka yana da kaurin milimita 20, ƙarfin bakan kilo 12. Mai shi ya rage milimita 2 kacal, kauri ya koma 18, wato kashi 9 cikin 10 na yadda yake. Lissafi: 0.9 × 0.9 × 0.9 = 0.73. Sai 12 × 0.73, ya ba mu kusan kilo 9. Milimita 2, abin da bai kai kaurin tsinken ashana biyu ba, ya tafi da fiye da rubu'in ƙarfin bakan. In kuma a wuri ɗaya kaɗai aka rage su, duk lanƙwasar can za ta taru, wurin ya gaji, ya karye.

Ga yadda ake gwaji. Kafa gwafa mai ƙwari kusa da bango, tsawonta ya kai kafaɗarka, ko ka buga turaku biyu a jikin bangon. Ɗora mariƙin a kai, baka a kwance, baya yana kallon sama. Ɗaura doguwar igiya sako-sako daga baki zuwa baki. Rataya jarka a tsakiyar igiyar, ka zuba ruwa lita 3 ko 4. Sannan ka ja da baya taku biyar, ka tsuguna, ka duba.

Abin da kake nema shi ne lanƙwasa ɗaya mai santsi daga gefen mariƙi har kusa da baki, hannun dama da na hagu sun sauka daidai. Da wuya ka same ta a karon farko. Za ka ga wani wuri ya miƙe sambal, wani ya durƙusa. Shafa gawayi a cikin wurin da ya miƙe. Wurin da ya durƙusa kuwa ka zana masa gicciye, alamar kada a taɓa. Sauke baka, ka kankare gawayin nan kawai har ya fita, ka tsaya. Lanƙwasa bakan a hankali sau ashirin don itacen ya karɓi gyaran, ka mayar kan gwafa, ka sake dubawa. In hannu ɗaya gaba ɗayansa ya fi ɗan'uwansa tauri, shi za ka bi da kankara daga sama har ƙasa.

Haka za ka yi ta yi. Kallo ya fi kankara yawa a wannan mataki, kuma wanda ya ji hannunsa na ƙaiƙayin ɗaukar gizago, gara ya tashi ya je ya sha iska. In ido ya gaji, kira wani ya duba maka, ko ka ɗauki hoto da waya. Hoto yakan nuna karkatar da ido ya saba da ita har ya daina gani.

*Misali na 4.* Wani saurayi ya kai wa tsohon maharbin unguwarsu bakansa, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, ga shi na gama, saura tsarkiya."

"Ka gama? Miƙo mu gani."

Tsohon bai ja bakan ba. Ya kama hannun sama tsakanin babban yatsa da manuni, ya rufe ido, ya bi shi a hankali tun daga mariƙi. Ya kai kamar taƙi ɗaya sai ya tsaya, ya koma baya, ya sake bi.

"Yaro, kawo yatsanka nan. Ka ji ya faɗa?"

"Na ji, Baba. Sai in kankare shi ya yi sumul?"

"A'a. Shi kam ka riga ka cuce shi, ƙyale shi. Sama da shi da ƙasa da shi za ka rage, har su zo su same shi. Bakan zai yi laushi fiye da yadda ka so, amma zai rayu."

Lura da abu biyu a nan. Yatsa yana jin ramin da ido bai gani ba. Kuma wuri mai rauni ba a gyara shi da taɓa shi, maƙwabtansa ake ragewa.

7. Tsarkiya da awon ƙarfi

Maharban da suna murɗa tsarkiya da fata. Kai da kake koyo, siririyar igiyar roba mai ƙwari wadda ba ta cika talewa ba ta wadatar. Idan lanƙwasa ta yi kyau da doguwar igiya, sai ka ɗaura ta gaskiya, wadda ta fi bakan gajarta kaɗan. Tazarar da ke tsakanin mariƙi da tsarkiya ta zama dunƙulen hannu da babban yatsa a miƙe, kusan santimita 15. Duba ta tsawo: tsarkiya ta bi ta tsakiyar mariƙi.

*Misali na 5.* Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ja layi a bango santimita 65 ƙasa da mariƙi. Rataya jarka, ka riƙa ƙara ruwa lita-lita, kana duba lanƙwasa kowane ƙari. In tsarkiya ta iso layin da lita 11, ƙarfin bakanka kilo 11 ne da ɗan nauyin jarkar. Kilo 10 zuwa 12 ya ishi bakan farko. In ka zuba lita 12 tsarkiya ba ta iso layi ba, kada ka ƙara ruwa. Sauke, ka kankare hannu biyun daidai wa daida, ka sake gwadawa. Ba a ɗora wa baka nauyin da ya wuce wanda ake so ya ƙare da shi, ko a wurin gwaji ne.

Da ka gama, goge ko'ina ya yi santsi, ka kashe kaifin gefuna, ka shafa man kaɗanya ka murza da tafin hannu har ya shiga. Man yana hana laimar damina shiga, yana hana hunturu busar da shi fiye da kima.

8. Kiyayewa

Kibiyar gargajiya da kyauro ake yin jikinta, maƙeri ya ƙera mata kan ƙarfe mai kunne, maharba kuma su shafa dafi. Dafi ba ya cikin karatunmu, kuma tsohuwar kibiyar da ka tarar a kwarin kakanka kada ka taɓa kanta da hannu, kada yara su kai gare ta. Don koyo, miƙaƙƙen kyauro da aka ɗaure bakinsa da zare ya isa, tsawonsa ya ɗara tsawon janka. Cika buhu da ƙaiƙayi, ka jingina shi da bango, ka fara daga taku goma.

Kada ka saki tsarkiya babu kibiya, domin ƙarfin da ya kamata ya tafi da kibiya zai koma jikin itacen ya fasa shi. Kada ka auna mutum ko dabbar gida, ko da wasa. Kada ka harba sama. Kada ka ba wanda ya fi ka tsawon hannu ya ja bakanka. In ka gama, kwance tsarkiya, ka kwantar da baka a inuwa. In ka ji ya yi ƙara wurin ja, ko ka ga wata jijiya ta ɗago a baya, to ya tashi daga aiki.

Tambayoyin bita

1. Ta yaya za ka bambanta bayan baka da cikinsa? Me ke samun kowanne idan aka ja tsarkiya?
2. Kawo itatuwa biyu da ake yin baka da su, da abubuwa uku da za ka duba kafin ka sara.
3. Me ya sa ake toshe bakunan itace da kaki ranar da aka sare shi?
4. Tsawon jan wata ɗaliba santimita 60 ne. Bi hanyar Misali na 1 ka fitar da tsawon bakanta.
5. Itace ya auna giram 1,900 ranar sara, ya tsaya a 1,400. Giram nawa na ruwa ya fita?
6. Bakanka yana kan gwafa, ka ga hannun dama ya durƙusa kusa da mariƙi, sauransa a miƙe. Ina za ka kankare, ina za ka bari? Faɗi dalili.
7. Baka mai ƙarfin kilo 14 an rage masa kashi 1 cikin 10 na kaurinsa. Kusan kilo nawa ya rage?
8. Me dokar gandun daji ta hana a dajin Falgore?
9. Aikin gida: ziyarci wani maharbi ko masassaƙi a garinku, ka tambaye shi itacen da ya fi so don baka da watan da yake sara. Rubuta amsarsa cikin jimla biyar, ka kawo aji mako mai zuwa.